Ja da baya ga rago: tsaron gida da kwanton ɓauna a tamaula, da maki gudan da ya kuɓuce wa Mena

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a fadojin shan shayi da gidajen kallon balo, tun daga Yamai har Maraɗi, Damagaram da Tawa. Wasu na cewa ƙungiyar da ta jibge ƴan wasanta goma a bakin raga tana jiran abokin karawa ya yi kuskure, ɓata wa mutane dare kawai ta yi, ko da ta ɗauki kofi. Wasu kuma na cewa in an zo miƙa kofi ba a tambayar wa ya fi riƙe ƙwallo. Wannan gardama ta shafe mu kai tsaye, domin kuwa ƙungiyar ƙasarmu Mena, in ta haɗu da manya, da wannan dabara ta tsare gida da kwanton ɓauna ta saba fita, kuma da ita ta kusa kaiwa ga wasannin cike gurbi na kofin duniya na 2026.

Lissafin da ya fitar da mu

Bari mu fara da lissafi. A wasannin share fage na kofin duniya na 2026, Mena ta ƙare ta biyu a rukuninta bayan Maroko, da maki 15 cikin wasa 8. A cikin ƙasashe tara da suka zo na biyu, huɗu kawai aka ɗauka zuwa cike gurbi: Gabon, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, Kamaru da Najeriya. Da aka daidaita lissafin rukunan, Kamaru da Najeriya da Burkina Faso da Nijar duk maki 15 suka tashi da shi. Yawan ƙwallaye ya raba gardama. Mena ta ci 11, aka ci ta 10, wato rarar ƙwallo guda ke nan, alhali Najeriya da ta samu gurbin ƙarshe tana da rarar 7. Kuma a cikin 11 ɗin nan, uku a kan teburi aka ba mu su, saboda wasan da Kwango Barazabil ba ta buga da mu ba a 2024.

To ina makin ya tafi? Ranar 21 ga watan Maris na 2025, a birnin Ujda, Mena ƙarƙashin mai horaswa Badou Zaki ta tsare gida har aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, da aka dawo kuma Youssouf Oumarou ya jefa wa Maroko ƙwallo. Maroko ta shigo da sababbin ƙafafu daga benci, Ismael Saibari ya rama, sannan a cikin ƙarin lokaci Bilal El Khannouss ya ci ta biyu. Da an tashi kunnen doki 1 da 1 a daren nan, da maki 16 Mena za ta ƙare, da ta shiga cikin huɗun nan ba tare da an duba yawan ƙwallaye ba. Minti biyu ko uku suka rage. Wannan shi ne abin da nake so mu duba: dabarar tsaron gida tana da amfani, kuma ita ta dace da ƙarfinmu, to amma sana'a ce cikakkiya mai sassa da yawa, mu kuwa sashe guda muka fi iyawa.

Daga ina sakata ta fito

Dabarar ta girmi duk mai karanta wannan shafi. A shekarun 1930, wani mai horaswa ɗan Ostiriya mai suna Karl Rappan, wanda ya yi aiki a Suwizalan, ya ga ƴan wasansa ba su kai na maƙwabta gwaninta ba, sai ya janyo mutum guda ya ajiye shi bayan masu tsaron baya, aikinsa share duk abin da ya kuɓuce masu. Italiyawa suka ɗauki abin suka raɗa masa suna katenaco, ma'anarsa sakatar ƙofa. Nereo Rocco ya ci kofin zakarun Turai da AC Milan a 1963, Helenio Herrera kuma ya ci shi sau biyu a jere da Inter Milan, a 1964 da 1965.

Abin da mutane kan manta shi ne, Inter ta Herrera tana da hanyar fita. In Armando Picchi ya share a baya, Luis Suárez na nan da doguwar ƙwallo, Jair na gudu ta dama, Giacinto Facchetti na hawowa daga baya ta hagu, Sandro Mazzola na jira a gaba. Ranar da suka dogara ga sakatar kaɗai, ranar ta karye. A wasan ƙarshe na 1967 a Lisbon, Mazzola ya ci da fenariti tun minti na 7, Inter ta koma baya ta zauna, Celtic ta Sikotilan ta yi ta ruwan hari har ta ci biyu ta tafi da kofi.

Yadda abin ke aiki a fili

Wanda bai lura ba zai zaci cunkoso ne kawai. A gaskiya tsari ne mai wuyar koyo. Ƙungiya takan jera sahu biyu, huɗu a baya da huɗu ko biyar a gabansu, su matse tazarar da ke tsakaninsu ta yadda gwanin abokan karawa ba zai samu inda zai karɓi ƙwallo ya juyo ba. Su toshe tsakiya, su bar gefe a buɗe da gangan, domin ƙwallon da aka ɗago daga gefe abincin dogayen ƴan baya ne da mai tsaron raga. Sahun nan biyu kan motsa tare, dama da hagu, kamar an ɗaure su da igiya guda. Mutum ɗaya ya yi gyangyaɗi, ko ya fita farautar ƙwallo shi kaɗai, bango ya tsage ke nan, ƙadangare ya samu wurin shiga.

Sashe na biyu shi ne kwanton ɓauna. Ƙungiyar da ke kai hari takan tura ƴan bayanta na gefe gaba, ƴan tsakiyarta su hau, ta bar fili fetal a bayanta. Da zarar an ƙwace ƙwallo, akwai ƴan daƙiƙoƙi kafin su koma mazauninsu, kuma a cikin daƙiƙoƙin nan ake cin wasa. Ana buƙatar wanda zai ba da ƙwallon farko gaba ba tare da firgita ba, da mai gudu, da wanda zai ƙarasa. A kofin duniya na 2018, Japan ta buga kusurwa a minti na 94, mai tsaron ragar Beljiyam Courtois ya cafke, ya gangara wa De Bruyne, shi kuma ya ba Meunier, Lukaku ya bar ta ta wuce, Chadli ya zura. Daga raga zuwa raga ba a kai rubu'in minti ba.

Mu da muka tashi da kallon kokowa mun san wannan. Akwai ɗan kokowar da ba ya fara kai hannu, sai ya duƙa ya jira abokin karawa ya zuba nauyinsa gaba, sannan ya yi amfani da nauyin nan ya kai shi ƙasa. Babu mai kiransa matsoraci. Amma wanda ya yi ta zagaye fili yana ƙin kamawa, arbit gargaɗi yake ba shi, kuma da gargaɗin nan za a iya fitar da shi. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, in dai karo na tafe. In babu karo, gudu ne.

Waɗanda suka ci da ita

A matakin ƙasashe, babban misali shi ne Girka a kofin Turai na 2004. Bajamushe Otto Rehhagel ya fitar da Faransa da 1 da 0, ya fitar da Cek da 1 da 0, sannan ranar 4 ga watan Yuli ya doke mai masaukin baƙi Fotugal da 1 da 0 a Lisbon. Angelos Charisteas ya ci da ka, daga bugun kusurwar farko da Girka ta samu a wasan. Wannan ya nuna sashe na uku na sana'ar: ƙungiyar da ba ta yawan zuwa gaba tilas ta mai da kowace kusurwa da kowane bugun tazara abin tsoro.

A nan Afirka ma mun ga haka. Ranar 31 ga watan Mayu na 2002, a Seyul, Senegal ta Bruno Metsu ta cika tsakiya da mutum biyar ta bar El Hadji Diouf shi kaɗai a gaba. Gudunsa guda ta hagu ya haifar da ƙwallon Papa Bouba Diop, aka kayar da Faransa mai riƙe da kofin duniya. A 2019 a Alƙahira, Aljeriya ta ci Senegal tun minti na 2 ta ƙafar Baghdad Bounedjah, ba ta sake buga ƙwallo ko guda zuwa raga ba, ta ɗauki kofin Afirka. A Ƙatar a 2022, Maroko ta Walid Regragui ta buga wasa biyar ba wanda ya zura mata ƙwallo in ba ɗan wasanta da ya ci gida a karawa da Kanada ba. Ispaniya ta riƙe ƙwallo fiye da kashi 75 cikin 100, ta yi ta miƙa wa juna har fiye da sau 1000, aka tashi babu ci, Yassine Bounou ya fitar da ita a bugun fenariti. Sofyan Amrabat ya tsaya gaban ƴan baya, gwanaye irin su Hakim Ziyech da Sofiane Boufal suka yarda suka dawo tsaro, Azzedine Ounahi kuma ya riƙa fitar da ƙwallo daga cunkoso. Haka Afirka ta samu ƙasarta ta farko a wasan kusa da na ƙarshe.

A matakin kulob, mutane ba za su manta da Inter ta José Mourinho a 2010 ba. Ta ci Barcelona 3 da 1 a gida, ta je Camp Nou aka kori Thiago Motta kafin cikar rabin awa, Samuel Eto'o, mai cin ƙwallaye irin nasa, ya koma kamar ɗan baya na gefe, aka ci su 1 da 0 kawai suka wuce, suka je suka doke Bayern 2 da 0. Chelsea ta maimaita irin haka a 2012, da Didier Drogba a gaba da John Obi Mikel a tsakiya, ta ɗauki kofi a filin Bayern ɗin kanta. A watan Disamba na 2010, TP Mazembe ta Lubumbashi ta jure hare-haren Internacional ta Barazil ta ci ta 2 da 0, ta zama kulob ɗin Afirka na farko a wasan ƙarshe na kofin duniya na kulob-kulob. Atlético Madrid ta Diego Simeone ta ƙwace gasar Ispaniya a 2014 daga hannun Barcelona da Real Madrid, ƙwallo 26 kawai aka ci ta a wasa 38. Leicester ta Claudio Ranieri ta ci gasar Ingila a 2016, N'Golo Kanté na ƙwacewa, Riyad Mahrez na miƙawa, Jamie Vardy na gudu.

Kada kuma a ɗauka makamin talaka ne kaɗai. Faransa ta Didier Deschamps, duk da tarin taurarinta, ta ci Kuroshiya 4 da 2 a wasan ƙarshe na 2018 alhali riƙon ƙwallonta bai kai kashi 40 cikin 100 ba. Mai Mbappé a gaba ya san fili fetal ya fi masa amfani a kan cunkoso.

Inda take gazawa

Wannan dabara tana da raunin da kowa ya sani: ba ta son a riga ta ci. A wasan kusa da na ƙarshe na 2022, Theo Hernandez ya ci Maroko tun minti na 5, Faransa ta bar mata ƙwallon ta koma baya, wato ta juya mata makaminta. Maroko ta fi riƙe ƙwallo a daren nan, aka ci ta 2 da 0. Ga kuma kuɗin da jiki ke biya. Nayef Aguerd bai iya fara wasan ba, kyaftin Romain Saïss ya fita tun wajen minti na 20, Noussair Mazraoui bai dawo daga hutun rabin lokaci ba. Bin ƙwallo na minti 90, wani lokaci 120, ya fi riƙe ta cin ƙarfi. Atlético ma a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2014 tana gaba da 1 da 0 har minti na 93, Sergio Ramos ya rama, ƙafafu suka mutu, aka tashi 4 da 1. Girka kuwa, bayan kofinta na 2004, ko zuwa kofin duniya na 2006 ba ta samu ba, domin a share fage akwai ƙananan ƙasashe da su ma za su zauna baya su ce zo ka buɗe.

Bugu da ƙari, dokokin wasa sun daɗe suna takura mai zaman baya. Bayan kofin duniya na 1990, inda ƙwallo 115 kawai aka ci a wasa 52, sai a 1992 aka hana mai tsaron raga kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa. Daga kofin duniya na 1994 nasara ta koma maki uku, kunnen doki ya rage daraja. Tun 2020 ana iya canza ƴan wasa biyar, abin da ya fi amfanar mai benci mai nauyi, kamar yadda muka gani a Ujda. Daga 2025 kuma mai tsaron ragar da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8, kusurwa ake ba abokan karawa. Hanyoyin cinye lokaci suna ta toshewa.

Sannan akwai lissafi. Ranar 8 ga watan Oktoba na 2011, Afirka ta Kudu ta lallaɓa ta tashi babu ci da Saliyo, ƴan wasanta suka yi ta rawa a fili suna zaton yawan ƙwallaye zai kai su kofin Afirka na 2012. Ashe doka ta ce sakamakon karawa tsakanin masu maki ɗaya ake dubawa, sai Mena ta wuce duk da an ci ta 3 da 0 a Masar a ranar. Wanda zai tsare kunnen doki ya fara tabbatar da cewa kunnen dokin zai ishe shi.

Abin da tarihin Mena ke faɗa

Zuwanmu kofin Afirka na 2012 ƙarƙashin Harouna Doula, a filin Janar Seyni Kountché aka gina shi. Mun ci Masar, mai kofi uku a jere, 1 da 0 ta ƙafar Moussa Maâzou a watan Oktoba na 2010, mun ci Saliyo 3 da 1, mun ci Afirka ta Kudu 2 da 1, wasanninmu uku na waje kuma duk mun sha kashi ba mu ci ko ƙwallo guda ba. Na 2013 ma a Yamai muka rama wa Gini 2 da 0 bayan ta ci mu 1 da 0 a Konakiri. A gasannin biyu mun buga wasa shida, ƙwallo guda muka ci, maki guda muka samu. A gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida da aka yi a Aljeriya a farkon 2023, Mena ta buga wasa uku ba a ci ta ba, ta fitar da Kamaru da Gana, sannan Aljeriya ta zuba mata 5. A Rabat ma a watan Satumba na 2025, 5 da 0 aka tashi.

Abu biyu ke maimaita kansa a nan. In bangonmu ya tsaya, muna iya kayar da kowa da ƙwallo guda, kamar yadda aka je har Ndola aka ci Zambiya 1 da 0 a watan Oktoba na 2025, ko aka ci Gana 2 da 1 a Akra a watan Nuwamba na 2024. In kuwa aka riga mu ci, sau da yawa ba mu da dabara ta biyu, sai ginin ya rushe gaba ɗaya, kuma rushewar nan ita ke cinye rarar ƙwallayen da ake dubawa a ƙarshe.

Masu cewa Mena ta watsar da tsaro ta buɗe wasa kamar Ispaniya, a tuna masu cewa wanda ba shi da gashin wance ba ya kitson wance. Ispaniya ta share shekaru tana tarbiyyar yara a kan salo guda, a filaye masu ciyawa, da gasar da ba ta tsayawa. Ƙungiyar ƙasa kuwa kwana kaɗan take haɗuwa kafin wasa, kuma a kwana kaɗan tsarin tsaro ya fi saurin zama a kan tsarin hari. Shi kansa Badou Zaki, da irin wannan ya tsare ragar Maroko a 1986, aka yi babu ci da Folan da Ingila, aka ci Fotugal 3 da 1.

Gyaran yana cikin ƙarasa koyon sana'ar. Kulob-kulob ɗinmu, daga AS FAN da Sahel na Yamai har Ɗan Kasawa ta Maraɗi da Espoir ta Damagaram, su ne makarantar. Ɗan tsakiyar da in ya ƙwace ƙwallo zai ɗaga kai ya miƙa ta maimakon ya harba ta sama, a can za a yi shi. Ƙwallon da aka harba ba adireshi, nan take take dawowa, ƴan baya ba su ko numfasa ba, kuma irin wannan gajiya ce ke taruwa ta fashe a minti na 92. Bugun kusurwa da na tazara ba su buƙatar miliyoyi, maimaitawa suke so kullum a filin horo. Ƙarfin jure minti 15 na ƙarshe kuma yana zuwa ne daga gasar da ake bugawa a kan kari, da abinci, da likita, da albashin da ake biya a kan lokaci.

Sai batun gida, wanda ya rataya a wuyan hukumar FENIFOOT da gwamnati. A share fagen 2026, Mena ba ta buga wasa ko guda a Yamai ba, saboda filinmu bai cika sharuɗɗan hukumar CAF ba. An ci mu 1 da 0 a “gida” da Tanzaniya a Marakesh a 2023, wasan Ujda kuma mu ne masu masauki a ƙasar abokin karawa, gaban ƴan kallonsa. Ƙungiyar da ke tsaro a waje, a gida take tara maki da ƙwallaye, da zafin ranarta da ihun jama'arta. In an raba ta da wannan, an bar ta da rabin dabara.

Tsibiran Kap-Ber, waɗanda jama'arsu ba ta kai ta birnin Yamai ba, sun samu tikitin kofin duniya a watan Oktoba na 2025. Ke nan ƙofa a buɗe take ga ƙananan ƙasashe, tun da Afirka ta samu gurbi tara kai tsaye. Mu ci gaba da sa sakata, babu kunya a ciki, amma mu tanadi masu fita da gudu, mu ƙirga makinmu tun kafin a busa, mu kuma dawo da Mena filinta. Allah ya ba Mena sa'a, ya kai mu ranar da za mu ga tutar Nijar a kofin duniya.